Mudu a Cikin Toka

Ina da shekara 17 lokacin da aka yi tarzoma a garinmu, kuma a lokacin ni ne yaron da iyayen unguwa suke nuna wa 'ya'yansu idan suna so su ba su kunya. Ina cikin ƙungiyar mawaƙan ikilisiya, ban taɓa fashin makarantar Lahadi ba, na haddace ayoyi fiye da kowa a ajinmu har aka ba ni kyautar Littafi Mai Tsarki mai baƙin bango. Washegarin da wuta ta lafa, na bi sahun samari muka shiga layin 'yan hatsi. Rumfar wani Alhaji da mahaifiyata take awo a wurinsa tun ina goye ta zama toka, masara tana ta hayaƙi a ƙasa. A cikin tokar na hango mudunsa na ƙarfe, wanda ya sha cika mana shi, ya ƙara gyara da tafin hannu yana cewa, "Ka gai da Mamanka, yaro." Na sunkuya na ɗauka, na cusa a riga. Muna da mudu biyu a gida. Ba yunwa nake ji ba, babu wanda ya sa ni, Alhajin kuma bai taɓa yi mini ko kallon banza ba. Abin da ya fi satar kanta ci mini rai har yau shi ne daɗin da na ji a ƙirjina, ina tafiya da ƙarfen nan mai ɗumi a jikin fatata.

Na kawo wannan labari ne domin ina da ƙara, kuma waɗanda nake ƙara 'yan gida ne. Na san da yawa daga masu karanta wannan rubutu Musulmi ne, waɗanda addininsu ya koyar cewa ana haihuwar ɗan Adam a kan fiɗira mai tsabta, kuma wani ba ya ɗaukar wa wani kayan laifi. Saɓanin da ke tsakaninmu a nan tsoho ne, malamai sun daɗe suna kai-kawo a kansa, kuma ba shi ya tayar da ni ba. Rigimata da wasu masu hawa bagadi ne a majami'unmu. Akwai koyarwar da Kirista suka rayu a kanta ɗaruruwan shekaru, cewa zuciyar mutum karkatacciya ce tun daga tushe, kuma ba ta miƙewa sai da alherin Allah. Su kuwa sun jefa ta bayan ɗaki domin ba ta tara jama'a, sun kafa rumfar ciniki a gurbinta.

Ba a kaina aka fara irin wannan sata ba. A shekarar 354 aka haifi Agustin a Tagaste, garin da yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. Yana ɗan shekara 16, shi da abokansa suka shiga gonar maƙwabci da dare, suka kakkaɓe 'ya'yan wata bishiya, suka kwashi kaya niƙi-niƙi, suka watsa wa aladu. A gidansu akwai 'ya'yan itacen da suka fi waɗannan kyau. Bayan kimanin shekara 27, yana bishop na birnin Hippo, wato Annaba ta yanzu, ya zauna ya rubuta littafin da ya furta laifofinsa a ciki, ya ɓata shafuka a kan wannan ƙaramar ɓarna ta ƙuruciya. An sha yi masa dariya a kan haka: babban malami, mutumin da ya yi zaman dadiro shekara da shekaru har ya haifi ɗa, me ya sa sai satar 'ya'yan itace za ta hana shi barci? Amsar ita ce sauran laifofin kowanne yana da wanda za a ɗora wa. Mazinaci yana iya cewa sha'awa ce, ɓarawon hatsi ya ce yunwa, mai kisa ya ce fushi ko ramuwa. A satar nan kuwa Agustin ya laluba ya rasa abin da ya ja shi, sai son ɓarnar kanta, da daɗin yin ta cikin taro. Ranar da na fara karanta wannan wuri, ajiye littafin na yi na fita waje, don ji na yi kamar wani ya leƙa cikin rigata.

Mutumin da ya tsaya gaban Agustin ba shashasha ba ne, kuma ba zan yi masa ƙarya don in ci nasara a sauƙaƙe ba. Felajiyus daga tsibirin Birtaniya ya zo ya zauna a Roma, mutum ne mai kamun kai da gudun duniya, abokan gabarsa ma sun shaide shi da haka. A zamaninsa addinin Kirista ya riga ya zama addinin daula, jama'a suna ta tururuwa cikin ikilisiya da halayensu na da, kowa yana fakewa da raunin ɗan Adam. An ce wata rana ya ji ana karanta addu'ar Agustin, inda yake roƙon Allah ya fara ba shi ikon cika umarni sa'an nan ya ɗora masa umarnin, sai ransa ya ɓaci. A ganinsa wannan lasisin lalaci ne. Koyarwarsa a taƙaice ita ce: Adamu bai bar mana gadon komai ba sai mugun misali, Allah mai adalci ba zai umarci abin da ba shi yiwuwa ba, tunda ya umarce ka, to kana iyawa, alherinsa kuwa shi ne hankalin da ya ba ka, da shari'a, da gurbin Almasihu, da yafe abin da ya wuce. Da Alarik ya ci Roma a shekarar 410, Felajiyus ya ƙetara zuwa Afirka ta Arewa, daga can ya wuce Falasɗinu. Wani taron bishop-bishop a Diyosfolis ya wanke shi a 415, amma taron Kartaj na 418 ya yi tir da koyarwarsa, na Afisa kuma ya tabbatar da hukuncin a 431, shekara guda bayan Agustin ya rasu a Hippo, mayaƙan Bandal suna kewaye da ganuwar birnin.

Ni kaina a farko gefen Felajiyus na tsaya. Maganarsa irin ta uba nagari ce: tashi ka nema, abin da ka shuka shi za ka girba, kowa ya yi da kyau zai ga da kyau. Wane ne zai ƙi wannan a ƙasar da lalaci da dogaro da wani suka yi mana katutu? Sai da na ga abin da maganar take yi wa wanda ya faɗi, sa'an nan na gane nauyinta. Idan mabuɗi duka yana hannunka, to duk ƙofar da ta ƙi buɗuwa laifinka ne kai kaɗai. Mashayin da ya rantse sau goma ya koma sau goma sha ɗaya, Felajiyus ba shi da abin gaya masa sai cewa bai so ba ne da gaske. Manzo Bulus ya fi shi sanin mutum. A sura ta 7 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa ya kai ƙarar kansa da kansa: ya san daidai, yana ƙaunar daidai, amma hannunsa yana zuwa wani wuri dabam. Duk wanda ya taɓa yi wa kansa alkawari da asuba ya karya kafin la'asar ya san cewa son zuciyar da ake cewa a yi amfani da shi a gyara hali, shi kansa ne marar lafiyar.

Yanzu bari in zo kan gwaggona. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu da keken ɗinki. Na ukunsu yana da ciwon sikila. Bayan ta gaji da zaryar asibiti, wata maƙwabciya ta ja ta zuwa taron addu'ar dare a wata sabuwar majami'a, inda mai wa'azi ya bayyana musu cewa Allah ba ya motsi sai an motsa shi, kuma iri ne ke motsa shi. Wanda ya shuka kaɗan ya girbi kaɗan. Aka raba ambulan. Gwaggo ta sayar da keken, ta sa kuɗin a ambulan, ta rubuta sunan yaron a bayansa. Da sanyin hunturu ya shigo, ciwon ya tashi, yaron ya rasu a wata na uku. Bayan kwana bakwai ta koma wurin mai wa'azin, ba don ta karɓi kuɗinta ba, don dai ta ji inda aka yi kuskure. Ya dube ta da tausayi, ya ce, "Mama, irin ya yi kyau, amma kin shuka shi da shakka a zuciya." Ta dawo gida ba keke, ba yaro, ga kuma sabon kaya an ɗora mata: ita ta kashe ɗanta da ƙarancin bangaskiya. Ta yi shekara biyu ba ta ɗauki Jibin Ubangiji ba.

Na san Felajiyus da zai tofa wa wannan mutum yawu, domin almajiransa sun yi rubutu mai zafi a kan tara dukiya. Duk da haka gindinsu ɗaya. Dukansu biyu sun ce abin da Allah zai yi ya rataya ne a kan abin da kai ka fara yi. Na da ya nemi tsarkin hali, na yanzu yana neman ambulan, wanda ya kasa kuwa a wurin kowannensu shi ya jawo wa kansa. Wannan ciniki ya sha canja riga. A sura ta 8 ta Ayyukan Manzanni, Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya fatattake shi. A shekarar 1517 Yohan Tetzel yana yawo a ƙasar Jamus da takardun sassaucin azaba na sayarwa, ana tara kuɗin ginin majami'ar Bitrus a Roma da biyan bashin wani babban bishop, har abin ya sa Martin Luta ya fito da batutuwansa 95. Abin kunya a gare mu shi ne yawancin majami'unmu na Arewa jikokin wannan bore ne, kuma ga shi mun sake buɗe shagon da kakanninmu suka rufe.

Akwai wani abu a cikin harshenmu da ya sauƙaƙa wa 'yan kasuwar nan aiki, kuma ban taɓa jin an tsaya an dube shi ba. Waɗanda suka juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, sun zaɓi kalmar alheri don wannan kyauta ta Allah, kuma ban ga wadda ta fi ta ba. Amma alheri a bakin Bahaushe yana tafe da inuwarsa. Muna cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Muna cewa alheri gadon barci ne. Wato abu ne da ake yi a ajiye, ana sa ran wata rana a tarar da shi. Mata sun fi kowa sanin wannan a harkar biki: kin kai mata ɗari biyar ranar sunanta, ta kawo miki dubu ranar naki, kowa tana riƙe da lissafi a ka, wadda ta kasa ramawa kuma ta shiga bakin duniya. Tsari ne mai kyau, ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Sai dai idan mai wa'azi ya ce alherin Allah, kunnen gwaggo biki yake ji: in kai nawa, ya ninka ya maido. Mai wa'azin ya san haka, a kan wannan ramin ya kafa tarkonsa.

Wasu masu sauƙin kai ba su kai can ba, sun tsaya a gyara. A wurinsu kai ne za ka cika mudu da ƙoƙarinka, Allah ya ƙara maka ɗan tafin hannu a kai. Wannan ra'ayi ma tsoho ne, an yi ta muhawara a kansa bayan mutuwar Agustin har taron Oranj na shekarar 529 ya yanke cewa farkon bangaskiya ma, wato juyowar zuciya ta fari, kyauta ce. Gyara ta mai saye ce, wanda ya zo da kuɗi a hannu. Koyarwar da nake karewa tana magana ne a kan wanda ya zo kasuwa aljihu wayam, bashin mai rumfa a wuyansa, mudun mai rumfa a cikin rigarsa.

Dole in gyara wata fahimta, domin kalmar lalacewa tana tsorata mutane. Da Kalbin da mutanen taron Dort, wanda aka yi a ƙasar Holand daga 1618 zuwa 1619, ba su ce kowane mutum ya kai ƙarshen mugunta ba, ba su kuma ce wanda ba Kirista ba ba ya iya gaskiya ko jinƙai. Ni shaida ne, mutumin da ya fi kowa yi wa gidanmu mutunci a kasuwa Musulmi ne, wanda ya sace masa mudu kuma ɗan ƙungiyar mawaƙa ne. Abin da suke nufi ya fi kama da kananzir da ya ɗiga a buhun gari. Garin yana nan gari, fari tas, amma ka ɗebo daga sama ko daga ƙasa, tuwon zai gaya maka. Hankali, da so, da ƙauna, har da ibada, babu inda warin bai kai ba. Shi ya sa mutum yake iya yin sadaka don a gani, ya yi tawali'u yana alfahari da tawali'unsa, ya yi addu'a yana ƙirga waɗanda ba su zo ba. Bafarisiyen da Yesu ya ba da misalinsa a sura ta 18 ta Luka bai yi ƙarya ko ɗaya ba a cikin addu'arsa: yana azumi, yana ba da zakka. Kananzirin a cikin godiyarsa yake.

Za a ce mini wannan koyarwa mafakar ɓarayi ce, kuma na ga inda ta zama haka. Na taɓa zama a taron da aka tuhumi wani dattijon ikilisiya da cin kuɗin ginin makaranta, ya miƙe ya ce dukanmu masu zunubi ne, wa zai jefi wani, aka yi amin aka tashi. Amma a dube shi da kyau. Ikilisiyar da ta gaskata cewa zuciyar kowa karkatacciya ce, har da ta fasto da ta ma'aji, ba za ta bar mutum ɗaya ya ƙirga baiko shi kaɗai a ɗaki ba. Za ta sa mutum uku, ta nemi rasit, ta karanta lissafi a gaban jama'a. Inda ake barin mutum ɗaya da akwati da makulli, can ne aka gaskata cewa akwai wani shafaffe wanda kananzir bai taɓa ba, wanda tambayarsa ma saɓo ne. Dattijon nan ya ari bakin Agustin ne ranar da aka kama shi. Duk shekarun da yake ci, a inuwar wata koyarwa dabam yake.

Za a kuma tuna mini da jarirai, kuma a nan ba ni da abin kare Agustin. Ya bi lissafinsa har ya kai ga cewa jaririn da ya mutu ba baftisma ba zai shiga mulkin Allah ba, ko da hukuncinsa shi ne mafi sauƙi. Yuliyan na Eklanum ya yi masa kaca-kaca a kan wannan, kuma ina ganin Yuliyan ya fi shi gaskiya a wurin. Annabi Ezekiyel ma a sura ta 18 ya hana a kama ɗa da laifin uba. Abin da na karɓa daga Agustin shi ne bayanin ciwon, cewa mun gaji karkata kamar yadda ɗan gwaggo ya gaji jininsa ba da zaɓinsa ba. Inda ya fara zana taswirar lahira yana raba wa jarirai masauki, nan na sauka daga motarsa. Mutumin da ya koyar cewa hankalin kowa ya taɓu, bai kamata a yi mamaki ba idan nasa ma ya nuna alama.

Babban dalilin da ya sa nake wannan faɗa shi ne abin da idona ya gani a layin 'yan hatsi. Mu mutanen wannan yanki mun san Kafanchan a 1987, da Zangon Kataf a 1992, da Kaduna a 2000, da Jos a 2001, da waɗanda suka biyo baya. Bayan kowace tarzoma kowane ɓangare yana komawa ɗakin ibadarsa ya ƙirga gawarwakinsa, ya ba da labarin abin da aka yi masa. Ban isa in faɗi abin da ake cewa a masallaci ba. A majami'a kuwa na zauna Lahadin da ta biyo bayan tamu, na ji wa'azi a kan tsanani da haƙurin tsarkaka, muka yi waƙa muka yi kuka, kuma kukan gaskiya ne, don mun binne mutane. Amma a layin da nake zaune kaɗai na san mutum huɗu da na gani da idona ɗauke da kayan da ba nasu ba, ni ne na biyar. Babu wanda ya ce mana ko kanzil. Mai wa'azi ya sa mugunta duka a hayin kogi, mu kuma muka ji daɗin hakan. Da a ranar ya buɗe baki ya faɗi tsohuwar koyarwar gidansa, cewa abin da ya ƙone rumfunanmu da abin da ya ƙone nasu a zuciya iri ɗaya yake kwana, kuma yana zaune a kan bencin nan sanye da rigar mawaƙa, wataƙila da ya rasa rabin jama'arsa. Wataƙila kuma da na mayar da mudun tun ana iya mayarwa.

Wa'azin iri da girbi ba shi da abin cewa a irin wannan Lahadi. Ya san yadda ake gaya wa mutum cewa shi ɗan sarki ne, an rubuta masa nasara, maƙiyansa za su faɗi. Kalmar maƙiyi ma ta fi kalmar tuba yawa a bakinsa, kuma maƙiyin kullum wani ne: kishiya, ko dangin miji, ko mutanen hayi. Yaron da aka rena da wannan abinci, ranar da gari ya rikice, zai fita da tabbacin cewa hannunsa ba ya iya yin laifi. Ni ma da irin wannan tabbaci na fita, ko da yake nawa daga haddar ayoyi na samo shi.

Gwaggo ta koma ɗaukar Jibi ne ta hannun wani tsohon mai bishara na ƙauye, wanda bai yi karatu mai zurfi ba, kekensa ma aro ne. Ya zo gaisuwa, ta gaya masa abin da aka ce mata. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ke 'yata, da bangaskiyarki ce ke riƙe da yaron nan, da tun ran da aka haife shi ya faɗi. Tawa ma ba ta riƙe ko akuya." Ta ce dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kuka, karo na farko a shekara biyu.

Alhaji bai dawo garinmu ba. Bayan tarzomar aka raba kasuwa, su suka koma hayi, daga baya na ji ya tashi da iyalinsa gaba ɗaya. Sai da na kai shekara 30 na sami ƙarfin halin neman inda yake, na bi ta wurin wani dillalin hatsi da ya san shi, ya ce mini ai Alhaji ya shekara huɗu da rasuwa, 'ya'yansa kuma sun watsu, bai san inda ko ɗaya yake ba. Na tambayi kuɗin sabon mudu a kasuwa, na ninka shi goma na ba wani almajiri, na dawo gida na tarar babu abin da ya ragu. Mudun yana nan a kan kabad a ɗakina, gefensa ɗaya baƙi inda wuta ta lasa. Matata tana zuba ƙusoshi da tsofaffin makullai a ciki. Ɗana na fari ya taɓa tambayata inda muka samo shi, na ce masa ya bari sai ya ƙara girma, kuma bana ya cika shekara 16.